Gubar dalma a wuraren aikin zinare na Zamfara

Gubar dalma ta Zamfara annoba ce da aka gano a shekarar 2010 a ƙauyukan masu haƙar zinare na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, arewa maso yammacin Najeriya. Ta hallaka yara aƙalla 400, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara biyar, ta kuma shafi lafiyar wasu dubbai. Ana lissafa ta cikin annobar dalma mafi muni da aka sani a wannan zamani. Masana lafiyar ma'aikata kan kawo ta misali na yadda haɗarin wurin aiki ke bin ma'aikaci har cikin gidansa idan ba a tare shi tun daga tushe ba.

Asali

Mazauna yankin manoma ne da makiyaya, waɗanda suka daɗe suna haƙar zinare da hannu a matsayin sana'ar rani. A shekarar 2009 farashin zinare a kasuwar duniya ya haura dala 1,000 kan kowane oza, abin da ya ja mutane da yawa zuwa ramukan haƙa. Duwatsun da aka riƙa haƙowa a lokacin suna ɗauke da dalma mai yawa, wadda a wasunsu ta wuce kashi 10 cikin 100.

Maza ne ke haƙo dutsen su kai shi gari a buhuna. A can ake fasa shi da guduma, a daka a turmi ko a niƙa shi a busasshe da irin injin da ake niƙa hatsi, sannan a wanke garin a haɗa shi da zaiba domin ta kama zinaren. Yawancin wannan aiki a cikin gidaje ake yin sa, kuma mata ne ke yin kaso mai yawa, yara na wasa a gefensu. Niƙan busasshen dutse yana tayar da ƙura mai laushi da ke sauka a tsakar gida, a kan abinci, tufafi, rijiyoyi da tafkuna.

Yadda dalma ke cutar da jiki

Dalma tana shiga jiki ta numfashi ko ta baki. Ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Ƙananan yara sun fi shiga haɗari saboda suna rarrafe a ƙasa suna sa hannu a baki, hanjinsu kuma yana tsotse dalma fiye da na manya. Tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, tana kuma haddasa ƙarancin jini. Idan ta yi yawa takan kawo amai, ciwon ciki, jijjiga, suma da mutuwa. Yaron da ya rayu yana iya tashi da raunin fahimta, ko makanta, ko shanyewar gaɓoɓi. A jikin manya tana jawo hawan jini da matsalar haihuwa, kuma takan ratsa daga mai ciki zuwa ɗan tayi.

Gano annobar

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, wato MSF, da ke sa ido kan cutar sanƙarau suka samu labarin yawan mutuwar yara a wasu ƙauyuka. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi aiki ba. Gwajin jini ne ya nuna dalma.

Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. Daga cikin waɗanda aka gwada, kashi 97 cikin 100 suna da dalmar da ta kai ko ta wuce maikurogiram 45 a kowace desilita ta jini, matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da 'Yargalma, Dareta, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke, Duza da Bagega.

Matakan da aka ɗauka

An bi hanyoyi uku: tsabtace muhalli, jinyar yara, da sauya yadda ake aikin. Tsabtacewa ce ke zuwa da farko, domin ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi gidan da ke cike da guba. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith sun yi aiki da gwamnatin jiha da mutanen gari wajen kankare saman ƙasar gidaje, a binne ta a ramuka na musamman, a zuba sabuwa. An tsabtace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. MSF ta riƙa ba yara maganin DMSA, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Sarakuna da masu unguwanni sun taimaka wajen fitar da injinan niƙa zuwa bayan gari.

Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har 2013, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin bayan matsin lamba daga ƙungiyar Human Rights Watch da masu fafutuka na cikin gida. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka mutu. A 2022 MSF ta miƙa aikinta na Zamfara ga hukumomin jihar.

Hanyoyin kariya a wurin aiki

Ƙa'idar tsaron ma'aikata ita ce a fara da kawar da haɗari ko rage shi a inda yake tasowa, sannan a tsara yadda ake aiki, kayan kare jiki su zo a ƙarshe. A sana'ar zinare wannan yana nufin:

Niƙa dutse da ruwa ko yayyafa masa ruwa, domin jiƙaƙƙen gari ba ya tashi. Wannan yana kuma rage ƙurar dutse da ke lalata huhu.

Ware wurin sarrafawa nesa da gidaje, rijiyoyi da wuraren kiwo, tare da hana yara da masu ciki shiga.

Wanka da sauya tufafi da takalma kafin komawa gida, a bar kayan aiki a wurin aiki.

Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, da ware wurin ci daga wurin niƙa.

Daina zuba hatsi a buhunan da aka ɗauko dutse, da daina amfani da turmi ko injin abinci wajen niƙa shi.

Sa takunkumi mai tace ƙura, domin rawani ko ƙyalle ba ya tare ƙura mai laushi.

Gwada jinin ma'aikata da iyalansu lokaci zuwa lokaci, tunda dalma takan taru a jiki kafin alamu su bayyana.

Waɗannan matakai sun shafi wasu sana'o'in da ake mu'amala da dalma, kamar masu fasa tsofaffin baturan mota, masu narkar da ƙarafa da masu kankare tsohon fenti.

Halin da ake ciki

Hana haƙa kaɗai bai magance matsalar ba, domin zinare ya fi noma kawo kuɗi, kuma haramci kan sa a mayar da aikin cikin gidaje a ɓoye. An samu gidajen da suka sake gurɓata bayan an tsabtace su. A 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, ta kuma ɗage dakatarwar a ƙarshen 2024. Rashin tsaro ya ƙara wahalar kai gwaji da magani ga ƙauyukan.