Joyland: Fim ɗin da ya sha tafi a Faransa, ya sha suka a Pakistan

A watan Mayun 2022, ƴan kallo a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa sun miƙe tsaye suna tafa wa Joyland, fim na farko daga Pakistan da aka taɓa zaɓa a hukumance a bikin. Watanni shida bayan nan, gwamnatin ƙasarsa ta hana nuna shi.

Fim ɗin, wanda Saim Sadiq ya ba da umarninsa, labarin Haider ne, magidanci marar aikin yi a birnin Lahore, da ya samu aikin rawa a wani gidan wasa, har ya kamu da son Biba, mai rawa da ta sauya jinsi. Alina Khan da ta fito a matsayin Biba, ita ma mai sauya jinsi ce.

Masu sharhin fina-finai da dama sun ce nauyin labarin yana cikin gidan su Haider: uba mai neman jika namiji ido rufe, da Mumtaz, matar Haider, da aka tilasta wa barin aikin da take ƙauna. Fim ɗin ya samu kyautar alƙalai ta rukunin Un Certain Regard, sannan ya shiga jerin fina-finai 15 na ƙetare da aka tace domin gasar Oscar.

A gida kuwa, labari ya sha bamban. Sanata Mushtaq Ahmad Khan na jam'iyyar Jamaat-e-Islami ya yi tsayin daka cewa fim ɗin ya saɓa wa addini da tarbiyya. Ranar 11 ga Nuwamba, ma'aikatar watsa labarai ta dakatar da shi bayan ƙorafe-ƙorafe. Muhawara ta ɓarke a Twitter: wasu na kiran a haramta, wasu na cewa a bar mutane su gani da idonsu. Malala Yousafzai, wadda ke cikin masu ɗaukar nauyin fim ɗin, ta fito ta kare shi.

Firaminista Shehbaz Sharif ya kafa kwamiti, aka yanke wasu wurare, aka fara nuna shi ranar 18 ga watan. Sai dai lardin Punjab ya ƙi janye nasa haramcin. Mutanen Karachi da Islamabad sun kalle shi a sinima, amma na Lahore, inda labarin ya gudana, ba su samu wannan dama ba.