A Shirya Wa Matasan Karkara Gasar Rubutu

Edita,

Ka ba ni fili in yi kira ga gwamnatin Jihar Katsina da masu hannu da shuni. Ni manomi ne mai ɗan taɓa kasuwanci. Nan Bugaje akwai yaranmu masu rubuta labarai a littafin makaranta, amma babu kuɗin bugawa, ƙarshenta gara ta cinye. To jama'a, ai gasar 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja, lokacin Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina. Gasar Hikayata da BBC ta soma a 2016 kuwa ta mata ce zalla. Don Allah a shirya mana tamu, a sanar ta rediyo, a buga labaran da suka ci. Ku kuma yara, kada ku ajiye alƙalami.

Naku,
Manomi daga Bugaje, Ƙaramar Hukumar Jibiya.