Bambancin da ke tsakanin samfurorin kwamfutar ZX Spectrum

A watan Afrilun 1982 ne kamfanin Sinclair Research na Birtaniya ya fito da ZX Spectrum, wata ƙaramar kwamfuta da ake haɗawa da akwatin talabijin, wadda aka sayar da fiye da miliyan 5 kafin a daina ƙera ta a 1992.

Sai dai kuma, a cikin waɗannan shekaru goma an yi samfurori daban-daban, kuma ba kowace manhaja ce ke aiki a kan dukkansu ba.

Samfurin farko ya zo ne kashi biyu: mai ƙwaƙwalwar kilobayit 16 a kan fam 125, da mai kilobayit 48 a kan fam 175. A ido kusan babu bambanci, domin duka biyun madannansu na roba ne, to amma akasarin wasannin da aka yi daga baya sai mai 48 ce ke iya ɗaukarsu.

A 1984 aka fito da Spectrum+. Kayan cikinta daidai suke da na mai 48, abin da ya sauya shi ne madannai masu tauri da kuma maɓallin sake tayar da na'urar.

Sauyi na haƙiƙa ya zo ne da Spectrum 128, wadda aka fara sayarwa a Spaniya a 1985, sannan a Birtaniya a farkon 1986. Baya ga ƙarin ƙwaƙwalwa, an sanya mata na'urar sauti mai fitar da muryoyi uku a lokaci guda. Da yake wasu tsofaffin wasanni sun ƙi aiki da sabon tsarin, akwai zaɓin mayar da ita ta yi aiki tamkar mai 48.

A watan Afrilun 1986, bayan da Sir Clive Sinclair ya shiga matsalar kuɗi, kamfanin Amstrad na Alan Sugar ya sayi sunan Sinclair da harkar kwamfutocinsa a kan fam miliyan 5.

Amstrad ya fito da +2 mai launin toka, wadda ke haɗe da rakodar kaset, sannan a 1987 ya fito da +3 mai amfani da faifai mai faɗin inci 3.

A nan ne masu sayen tsofaffin kwamfutoci suka fi ruɗewa, domin akwai kuma +2A, baƙa, wadda siffarta ta +2 ce amma tsarin cikinta na +3 ne. An sauya yadda ƙwaƙwalwarta ke aiki da kuma mahaɗar da ke bayanta, abin da ya sa wasu wasanni da kayan haɗi suka daina aiki da ita.

Saboda haka, launin +2 shi ne abin da mai saye zai fara dubawa: mai launin toka ta fi dacewa da tsofaffin wasanni fiye da baƙar.