Ƙaurar Shafukan Intanet: Gida Na Nan, Ɗakuna Sun Ɓace

A watan Mayun 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da wani adadi mai tayar da hankali: kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da ake iya buɗewa a 2013 sun daina buɗuwa zuwa watan Oktoban 2023. Jaridu sun ɗauki wannan adadin suka yi ta yayatawa, amma wanda ya fi shi muhimmanci yana can ƙasa a rahoton. Cikin duk shafukan da aka tattaro daga 2013 zuwa 2023, kashi 25 ne suka ɓata, kuma kashi 9 kacal ne suka ɓata saboda gidan da ke ɗauke da su ya rushe gaba ɗaya. Sauran kashi 16 gidajensu na nan daram, ɗakunan ne aka nema aka rasa. Wasu an goge su da gangan, babu musu. Amma wanda ya san yadda ake kwashe shafi daga wata manhajar ƙira zuwa wata ya san inda da yawansu suka shiga, domin ƙaurar da ake yi da sunan gyara takan zama gyaran gangar Auzinawa.

Mafi yawan masu ƙaurar nan ba don marmari suke yi ba, tashinsu ake yi. Microsoft ya yi watsi da FrontPage a 2006, ya kawo Expression Web, shi ma ya jingine shi a 2012. Adobe ya sanar da dakatar da Muse a 2018, sannan ya rufe babin Flash a ƙarshen 2020. Drupal 7 kuwa, wanda ya fito a 2011 kuma jami'o'i da ma'aikatun gwamnati da yawa suka ɗora shafukansu a kansa, an yi ta ɗaga ranar ritayarsa har aka tsaya a 5 ga Janairun 2025. Jan ƙafar yana da dalili: Drupal 8 da ya zo a 2015 sabon gini ne tun daga tushe, don haka komawa kansa daidai yake da sake gina shafin.

Duk da haka, mutuwar manhaja ba ita ce ke ɓatar da shafi ba. Abin da ke ɓatar da shi shi ne yadda ake ba da kwangilar. Mai shafi yana biyan kuɗi ne kan abin da idonsa zai gani, wato launi da hotuna da yadda fuskar farko ke zama a waya, shi kuma mai ƙira yana yin abin da za a biya shi a kai. Adireshin kowace ƙasida ba ya cikin lissafi, alhali kowace manhaja da irin yadda take raɗa wa shafuka adireshi. Drupal yana sa kalmar node da lamba, WordPress yana da nasa tsarin, tsofaffin shafukan FrontPage kuwa yawanci suna ƙarewa da htm. Da an sauya, duk mahaɗin da wani ɗalibi ya sa a kundinsa ko Wikipedia ta kafa hujja da shi sai ya kai mutum ga saƙon 404, wato ba a sami shafin ba. Maganin sananne ne, ana kiransa turawa ta 301: a jera tsofaffin adireshi, a nuna wa kowanne sabon mazauninsa. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya fitowa a hoton da za a nuna wa shugaba ranar ƙaddamarwa, shi ya sa ake tsallake shi.

Masu rubutu da Hausa suna da ƙarin asara ta kansu. Idan aka kwashe rumbun bayanai ba tare da lura da tsarin haruffa ba, ƙ takan koma Æ™, ɗ ta koma É—, sai ƙasida ta cika da tarkacen da injin bincike ba zai gane ba. Mai ƙirar da ba ya karanta Hausa zai duba ya ce komai lafiya.

Masu goyon bayan ƙaura suna da hujja, kuma ba a raina ta. Manhajar da aka daina toshe wa kafofin ɓaraka ƙofa ce a buɗe ga masu kutse, kuma shafin da aka tsara don allon kwamfuta a 2008 azaba ne ga mai karatu a waya. Fadar White House ma ta bar Drupal ta koma WordPress a 2017. Sai dai wannan hujja ce ta tashi, ba ta halatta barin kaya a tsohon gida ba. Ba ta kuma ce a faɗa inda ya fi tsohon wurin ƙunci ba: Wix, alal misali, ba ya barin mutum ya kwashe shafinsa sukutum ya kai wani masauki, saboda haka wanda ya gudu can don sauƙi ya sayi wahalar ƙaura ta gaba tun yanzu.

Ga duk jarida ko jami'a ko ƙungiyar da ke shirin sauya manhaja, a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai kowane tsohon adireshi ya kai ga ƙasidarsa, kuma sai wani mai karanta Hausa ya buɗe tsofaffin rubuce-rubucen ya tabbatar ƙ da ɗ da ɓ suna nan yadda aka rubuta su.