AKWATIN KWAMFUTA DA ƘURAR HUNTURU: ABIN LURA GA OFISOSHIN ZANGO

Ƙaramar hukumar Zango ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, watau Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da ita Zangon kanta, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Kamar sauran garuruwan bakin iyaka, Zango ta san zafin bazara, ta kuma san hazon hunturu. Waɗannan abubuwa biyu su ne manyan abokan gabar na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, wadda a yau ta zama kayan aiki a sakatariya da makaranta da asibiti.

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan a kan kwamfuta, saboda haka ɗalibin da ya fito daga Zango ko Baure ba shi da makawa sai ya zauna gabanta. A shekarar 2019 kuma aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a ƙarshen wannan shekarar. Duk waɗannan wurare kwamfutoci suke bukata, kuma da dukiyar jama'a ake sayensu. Amma idan an zo saye, akasari abin da ake tambaya shi ne saurin injin da girman ma'ajiyarsa. Da wuya a sami mai tambaya game da akwatin da ya lulluɓe su, alhali kuwa shi ne ke tsaye tsakanin kayan ciki da ƙurar waje.

AIKIN AKWATI

Akwatin nan da ake gani a kan tebur ko a ƙarƙashinsa, wanda jama'a suka saba kira sifiyu, a gaskiya gida ne kawai. Ainihin sifiyu ɗan ƙaramin abu ne da bai kai tafin hannu ba, wanda ke manne a jikin babban allon da masu gyara ke kira madabod. Aikin akwati guda huɗu ne. Yana riƙe kowane sashe a mazauninsa, yana tsare su daga bugu da ƙura da ƙwari, yana shirya hanyar da iska za ta bi ta kwashe zafi, sa'an nan ƙarfen jikinsa yana hana igiyoyin lantarki na ciki damun rediyo da sauran na'urorin da ke kusa.

Akasarin akwatunan ofis da farantin baƙin ƙarfe ake yinsu, wanda aka shafe da sinadarin hana tsatsa, gabansu kuma roba ce. Akwai na alminiyam, waɗanda ba su da nauyi amma sun fi tsada. Akwai kuma na zamani masu gilashi a gefe da fitilu masu launi, waɗanda matasa masu wasannin kwamfuta ke sha'awa.

TAƘAITACCEN TARIHI

A ranar 12 ga Agusta, 1981, kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur, wadda akwatinta a kwance yake, ana ɗora allon kallo a kansa. Ita ce sauran kamfanoni suka yi ta kwaikwayo. A shekarar 1987 kamfanin ya fito da jerin PS/2, wanda a cikinsa akwai masu tsayawa a tsaye kamar hasumiya, kuma sannu a hankali wannan siffa ta mamaye ofisoshin duniya domin ta fi samar da fili a ciki da kuma kan tebur.

Babban canji ya zo a shekarar 1995, lokacin da kamfanin Intel ya fitar da ƙa'idar da ake kira ATX. Wannan ƙa'ida ta tsayar da girman babban allo a kan milimita 305 da 244, ta kuma fayyace inda za a huda ramukan kusoshi da inda kafofin wayoyi za su fito ta baya. A 1997 aka sami microATX mai milimita 244 kowane gefe, a 2001 kuma kamfanin VIA na Taiwan ya fito da Mini-ITX mai milimita 170. Amfanin wannan daidaito ga talaka shi ne, allon da wani kamfani ya ƙera zai zauna daram a akwatin wani kamfanin dabam, kuma mai gyara a Daura ko Katsina ko Kano zai iya musanya abin da ya lalace ba tare da an jefar da injin gaba ɗaya ba.

Nijeriya ma ta taɓa gwada hannunta. A shekarar 2001 Mista Leo Stan Ekeh ya ƙaddamar da kwamfutocin Zinox a Legas. Haka nan kamfanin Omatek na Injiniya Florence Seriki, wadda ta rasu a 2017, ya kafa masana'anta a Legas inda aka riƙa haɗa akwatunan kwamfuta da lasifika da allon rubutu daga sassan da aka shigo da su a wargaje.

ZAFI DA ƘURA

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Idan zafin bai sami mafita ba, ƙwaƙwalwar injin takan rage gudunta da kanta sa'ad da ta doshi awo 100 a ma'aunin Salshiyas, idan abin ya ci tura kuma sai ta kashe kanta. Yawancin masu ƙera kwamfutocin ofis sukan rubuta cewa kada zafin ɗaki ya wuce awo 35. A ƙasar Daura kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura awo 40. Ke nan injin da aka tsara domin ofis mai sanyi a Turai yana fara aikinsa a Zango ne daga inda masu shi suka ce a tsaya.

Saboda haka tsarin iska shi ne abu na farko da za a duba. Akwati mai kyau yana shaƙar iska ta gaba daga ƙasa, ya fitar da ita ta baya daga sama. Fanka mai faɗin milimita 120 ta fi mai milimita 80, domin tana tura iska mai yawa ba tare da gudu da ƙara ba. Akwatin da aka toshe gabansa da roba ko gilashi domin ado yana shaƙe injin, mai raga a gaba kuwa yana barinsa ya yi numfashi.

To, amma ƙofar da iska ta bi, nan ƙura ke bi. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙurar Hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zuba wa ƙasar Hausa. Wannan ƙura mai laushi kamar gari takan cushe tsakanin ƙarafan da ke sanyaya ƙwaƙwalwar injin, ta zame musu bargo. Idan damina ta kama kuma, sai ta sha laima ta danƙare, har takan jawo tsatsa ko haɗuwar wuta.

Maganin wannan abu biyu ne. Na farko, a sami akwati mai rariyar tace ƙura wadda ake iya zarewa a wanke. Na biyu, fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa ƙarfi. Idan aka yi haka, iskar ciki ita ce za ta riƙa turowa waje ta kowace 'yar kafa, ƙura kuma ba ta da hanyar shiga sai ta rariya. Idan aka yi akasin haka, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta kowane tsagi. Har wa yau, ya kamata a rufe duk ramukan baya da ba a amfani da su, domin kyankyaso da tsaka da zanzaro ba sa ƙin ɗaki mai ɗumi.

Manomin Zango ba ya aza rumbunsa a ƙasa, sai ya ɗaga shi a kan duwatsu saboda laima da gara. Haka ya kamata a yi wa akwatin kwamfuta. A ɗora shi a kan tebur ko benci, a bar masa tazarar taƙi guda daga bango, kada kuma a kulle shi cikin kabad. Rufe shi da ƙyalle yana da kyau bayan an tashi daga aiki, amma ba yayin da yake kunne ba.

KWAMFUTOCI NA HANNU

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke kasuwannin ƙasar nan na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, masu shigowa ta tashar jiragen ruwan Legas. Galibinsu ƙananan akwatuna ne na manyan kamfanoni irin su HP da Dell. Ƙarfensu yana da kauri, kuma ana buɗe su ba tare da sukurudireba ba. Sai dai wasu daga cikinsu ba su bin ƙa'idar ATX, saboda haka idan tukunyar wutarsu, wadda masu gyara ke kira fawa-fak, ta ƙone, sai an nemo irinta sak. Bugu da ƙari, ƙuncin cikinsu yana sa su saurin ɗaukar zafi.

Akwai kuma wani ɗan jan makunni a bayan tsofaffin akwatuna mai lamba 115 da 230. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya kuwa 230. Injin da ya zo makunninsa yana kan 115, aka jona shi haka, nan take zai ƙone. Duba wannan wuri ba ya cin minti guda.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Jami'in da aka ɗora wa alhakin sayen kayan ofis ko na makaranta ya kamata ya sa bayanin akwati a cikin takardar kwangila: girmansa, yawan fankokinsa, rariyar ƙura, da kuma kafar sa kwaɗo a baya, domin ƙananan sassan ciki suna da sauƙin zarewa. Kada ƙyalƙyalin fitilu ya ruɗe shi, kada kuma ya bi araha, domin Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Akwati mai siririn ƙarfe yakan lanƙwashe, ya yi ta kaɗawa, gefensa kuma ya yanki hannun mai gyara.

Bayan saye sai kulawa. Ya dace a buɗe kowane akwati a busa masa iska kafin shigowar hunturu da kuma bayan wucewarsa, bayan an kashe injin an zare wayarsa daga bango. Mai aikin ya riƙe fanka kada ta juya da ƙarfin iskar, ya kuma taɓa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa kayan ciki, domin a bushewar hunturu jikin mutum yakan tara lantarkin da ke iya lalata su. Tukunyar wuta kuwa a bar wa gwani, saboda takan riƙe wuta ko bayan an kashe.

Wannan aiki ne da ɗaliban sakandare za su iya koya cikin yini guda, kuma malaman kwalejojin Daura suna da ilmin koyar da shi. Idan majalisun ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu suka ware ɗan abin da za a sayi injin busa iska da buroshi, suka kuma sa ranar sharar kwamfutoci a cikin jadawalin aikinsu na shekara, za a rage tarin injunan da ke jibge a sito, ɗalibai kuma su sami abin koyo kafin ranar jarrabawa. Rigakafi dai ya fi magani.