Duwatsun Batsari Da Safana: Tarihin Da Ke Rubuce A Jikinsu

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Safana, ko ya ratsa ta Runka ya nufi Ruma a ƙasar Batsari, zai ga manyan duwatsu sun taso a tsakiyar gonaki, wasu kamar an kife ƙwarya, wasu an ɗora wani bisa wani. Mai karatu, ka taɓa tambayar kanka yadda suka samu?

Masana ilmin duwatsu sun bayyana cewa ɓawon duniya ya rarrabu zuwa manyan faifai, kuma kowane faifai yana tafiyar 'yan santimita kaɗan a shekara. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, faifan da ke ɗauke da yammacin Afirka ya yi karo da ƙasar da ke gabas da shi. Wannan karo ya tayar da tsaunuka masu tsawon gaske, zafi kuma ya narkar da dutse can ƙarƙashinsu. Narkakken dutsen ya huce sannu a hankali ya zama dutsen da ake kira giranit. Daga nan ruwa da iska suka yi ta zaizayar tsaunukan har suka shafe su. Ke nan duwatsun da muke gani yau saiwoyin waɗancan tsaunuka ne. Ana gane shekarunsu ta hanyar auna yadda sinadarin yuraniyom ya rikiɗa ya koma dalma a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi da ke jikin dutsen.

Irin wannan karo ba ya faruwa sai da girgizar ƙasa. Idan matsi ya yi wa dutse yawa sai ya tsage, ɓangare ɗaya ya goce ya bar ɗaya. Babu ɗan'adam a lokacin balle a rubuta labarin, amma dutsen ya riƙe shaida. Wani lokaci za a ga jijiyar farin dutse ta miƙe, sai ta yanke, ta ci gaba a gefe. Wani lokaci kuma fuskar tsagar ta yi sumul da zane-zane, alamar goguwa. A arewa maso yammacin Nijeriya akwai dogayen tsagogi irin wannan, kamar wadda ta bi ta Anka da Yawuri, da wadda ta bi ta Zungeru. Ruwan zafi da ya ratsa su a da shi ya ajiye zinariyar da ake haƙa a Anka da Maru. Sai dai a lura, ba kowace tsaga ce girgiza ta haifar ba. Wasu suna samuwa ne yayin da nauyin da ke saman dutse ya gushe, sai ya riƙa ɓarewa kamar albasa.

Ko tsofaffin tsagogi sun mutu murus? Ba duka ba. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Dukansu ƙanana ne, domin Nijeriya tana nesa da bakin faifai. Duk da haka, akwai cibiya a Toro ta Jihar Bauci da ke lura da na'urorin auna motsin ƙasa.

A da, mai bincike da guduma da kamfas yake yawo. Yanzu ya sami mataimaka. Tun 1972 taurarin ɗan'adam na Landsat ke ɗauko hoton ƙasa, inda tsaga kan bayyana a matsayin miƙaƙƙen layi na rafi ko na itatuwa. Jiragen sama ma sun auna ƙarfin maganaɗisun duwatsun ƙasar nan, aka shigar da bayanan cikin kwamfuta. Wannan ya taimaka ƙwarai a wurare irin Dajin Rugu, inda rashin tsaro ya hana masu bincike shiga. Amma hoto nuni kawai yake yi, tabbatarwa sai an taka.

To, mene ne amfanin wannan ga mutumin Wagini ko Runka? Amsar ita ce ruwa. Giranit ba ya riƙe ruwa kamar yashi. Ruwan yana taruwa ne a cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama. Shi ya sa rijiyar burtsatse ɗaya kan ba da ruwa har bazara, wata kusa da ita kuma ta ƙafe. Kafin a haƙa, ya kamata a duba hoton tauraro, sannan a kafa ƙarafa a tura lantarki cikin ƙasa, domin jiƙaƙƙiyar tsaga ta fi busasshen dutse barin lantarki ya wuce. Kuɗin awon bai kai asarar rijiyar da ba ruwa ba.

Muna ba malamai shawara su kai ɗalibai wani fa da ke kusa da makaranta, inda babu fargaba. Kowa ya auna inda tsagogin suka fuskanta da kamfas, ya rubuta. Idan aka tara sakamakon, sai a kwatanta shi da inda rijiyoyin garin masu ruwa suke.