Sa'a Guda da Ɗan Fili: Haƙƙin Yaro a Mayo Gwoi

Shirinmu na musamman na yau daga unguwar Mayo Gwoi ta birnin Jalingo yake zuwa muku, kuma maganar da muka ɗauko, watau wasan yara da motsa jikinsu, magana ce wadda manya suka saba yi mata kallon raini, alhali kuwa malaman addini da likitoci sun haɗu a kan cewa tana daga cikin haƙƙoƙin da yaro yake bin iyayensa.

Tun daga shekarar 1893, lokacin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mai da Jalingo mazaunin sarautarsa, har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yanko Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, garin nan yana da sarari ta kowace kusurwa, kuma yaron da ya tashi a cikinsa bai taɓa bukatar a umarce shi da motsa jiki ba, domin da ƙafa yake zuwa makaranta, da ƙafa yake zuwa rafi, yana bin awaki kiwo, yana bin mahaifinsa gona, sa'an nan idan farin wata ya fito ya tarar da tsaransa a dandali. Amma da garin ya zama hedikwatar jiha, ma'aikata suka kwararo, aka gina ofisoshi, aka kafa jami'ar jiha a 2008, sai kangayen da yara suke tsere a kansu aka yanka su fuloti-fuloti aka kewaye da katanga, hanyoyin da suke bi da ƙafa kuma Keke Napep ta cika su. Babu wanda ya yi nufin cutar da yaro a cikin wannan, ci gaba ne wanda kowa ya roƙi Allah ya kawo, sai dai a lissafin rabon filayen an manta da shi.

Bayan fili, sai lokaci. Dubi yaron Mayo Gwoi na yau, wanda ake tashinsa da asuba, a saka shi a keke zuwa makarantar boko, ya zauna a kan benci har bayan azahar, ya dawo ya ci abinci a tsaitsaye ya ɗauki jaka zuwa Islamiyya, ya sake zama har kusan magariba, wani ma a ƙara masa darasin gida, kana idan dare ya yi ya rungumi wayar yayansa ko ya kafa ido a talabijin har barci ya sace shi. Da yawa daga cikin makarantun kuɗi a gidajen haya suke, waɗanda tsakar gidansu da ƙyar take ɗaukar layin safe, balle tsere. Ba muna ƙyamar neman ilimi ba ne, Allah ya kiyaye, muna dai cewa ne jikin da zai ɗauki ilimin nan shi ma amana ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga zuciyarsa ta buga da sauri, kuma a kwana uku na kowane mako ya yi irin wasan da ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kamar tsalle da hawa da kokawa. Ƙananan da ba su kai shekara 5 ba, tun daga mai shekara ɗaya, minti 180 ta ƙayyade musu a warwatse cikin yini, ta kuma ce mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce sa'a guda a gaban waya ko talabijin. Wani bincike da masanan hukumar suka wallafa a 2019, wanda ya tattaro bayanan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, ya gano cewa kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun wannan sa'a guda, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan mata, domin nasu ya kai kashi 85. Hikimar ƙayyade wannan tun da ƙuruciya kuwa ita ce, galibin ƙarfin ƙashin mutum kafin ya cika shekara ashirin yake taruwa, kuma ɗabi'ar zama wuri ɗaya, idan ta kafu tun yarinta, tana cikin abubuwan da ke buɗe ƙofa ga ƙiba da ciwon suga da hawan jini a lokacin girma.

To, kada wani ya zaci wannan bidi'ar Turawa ce. Imam Ghazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin, inda ya yi bayanin tarbiyyar yara, ya yi wasiyya da a saba wa yaro da tafiya da motsi a wani yanki na yini domin kada kasala ta rinjaye shi, ya kuma ce a bar shi ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, saboda hana shi wasa da matsa masa da karatu ba ƙaƙƙautawa yana kashe zuciyarsa, ya dushe basirarsa, har ya koma neman dabarar guje wa karatun baki ɗaya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata a wani karo daga baya. A cikin Bukhari kuma akwai labarin mutanen Habasha da suka yi wasa da masu a cikin masallaci, Annabi yana tsaye yana kare A'isha da mayafinsa tana kallo. Wanda ya san waɗannan ruwayoyi, sa'an nan ya ɗaga bulala don ya ga yara suna guje-guje bayan an tashi karatu, lalle ya kamata ya sake duba hujjarsa.

Akwai uzurin da muke yawan ji daga bakin iyaye, cewa ai yaransu ba zaune suke ba, suna ɗebo ruwa, suna talla, suna dakon kaya a kasuwa. Gaskiya ne aikin gida daidai ƙima motsi ne, kuma tarbiyya ce. Amma yarinyar da ta yini da farantin talla a ka cikin rana, ko yaron da ake ɗora wa jarkar ruwa ta lita 25 alhali wuyansa bai yi ƙwari ba, wahala suka sha, kuma wahala ba ta maye gurbin wasa, domin a wasa ne yaro yake gudu da son ransa, ya faɗi ya tashi, ya koyi bin doka da haƙurin shan kaye. Haka kuma yaron da bai karya kumallo ba, abinci za a fara nema masa kafin a ce ya yi tsere.

Abin farin ciki shi ne, maganin ba ya bukatar kuɗi. Langa, wadda yaro yake riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, yana tunkuɗe abokin hamayya yana kare ruwansu har ya sha, ta haɗa ƙarfin cinya da daidaiton jiki da dogon numfashi, kuma darajarta ta kai har ana gasarta tare da dambe da kokawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. 'Yan mata suna da gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya, waɗanda tsakar gida ma ta ishe su, kuma ya kamata iyaye mata su lura, domin da zarar yarinya ta fara tasawa sai a ce ta girma ta zauna, alhali a shekarun ne ƙashinta ya fi bukatar tsalle, ita da watarana za ta ɗauki ciki. Ƙwallon ƙafa kuwa ba ta bukatar mai yi mata kamfe, ko tsumma aka ɗaure yara za su bi ta.

Game da rafin Mayo Gwoi, wajibi ne mu yi magana da taka-tsantsan. Da rani, idan ruwa ya janye ya bar yashi, wuri ne mai taushi ga gudu da kokawa, amma da damina ruwan da ke gangarowa daga tuddai yakan cika rafi farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a cikin gari ba, saboda haka ba wurin yaro ba ne sai da babba. Sa'an nan ga tsargiya, cutar da ta daɗe a kwarin Binuwai, wadda ƙwayoyinta suke fitowa daga katantanwar ruwa su ratsa fatar mai wanka. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, kada a ce alamar balaga ce kamar yadda wasu suke zato, domin tana da magani mai suna praziquantel. A watannin Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafi yake kusantar digiri 40, a bar wasa sai da hantsi ko bayan la'asar, a kuma tanadi ruwan sha.

Saura batun fili. Jalingo tana da babban filin wasa na Jolly Nyame, amma yaro ɗan shekara bakwai ba zai iya zuwa can kowace yamma ba. Abin da yake bukata shi ne wurin da zai isa da ƙafa, mahaifiyarsa kuma ta iya aika a kira shi. Makarantun firamare na gwamnati, waɗanda aka gina tun fili yana da araha, yawancinsu suna da harabar da take zama wayam bayan an tashi, kuma idan mai unguwa da hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai suka zauna, ba zai gagara ba a buɗe ta daga la'asar zuwa magariba, a sa dattijo ɗaya ko biyu su zauna su sa ido, a ware wa 'yan mata gefensu ko ranarsu. Malaman Islamiyya su ma suna iya tashin yara da sauran rabin sa'a kafin kiran salla, liman da fasto kuma kowa ya faɗa wa mabiyansa, domin yaran Fulani da Mumuye da Kona da Hausawa a layi ɗaya suke zaune. Hukumar tsara gari kuwa, duk lokacin da za ta yanka sabuwar unguwa, ta cire fili guda ta rubuta shi da sunan yara, ta ba shi takarda, domin filin da ba shi da takarda a Jalingon yau ba ya daɗewa bai sami mai shi ba.